Aikin Sa Kai Ga 'Yan Rabin Aji: Biki Za Mu Yi Ko Ban Ruwa?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta iso hannunku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan a kan wata magana da ta raba kan ƙungiyarmu ta aikin sa kai. Kowa a makarantar nan ya ji cewa bana mun ɗaura niyyar yi wa yaran rabin aji na wata makarantar firamare da ke maƙwabtaka da mu a nan Birnin Kebbi wani abin alheri. Niyya kam babu wanda ya ƙi ta. Inda aka rabu shi ne irin aikin da za a yi, da yadda za a kashe 'yan kuɗin da muka tara ta hanyar karo-karo. Da ya ke ba a yanke magana ba tukuna sai a zama na gaba, na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a fili, don iyaye ma su sami damar sa baki.

Shawara uku ce a gabanmu. Waɗansu sun ce a shirya wa yaran biki na yini ɗaya, a kafa rumfa, a gayyato manya, a raba biskit da lemo da fensir. Waɗansu sun ce a ɗauki hayar mota a kai su Argungu su ga gidan tarihi na Kanta da gulbin Matan Fada. Shawara ta uku ita ce wadda ba ta da magoya baya da yawa, watau mu riƙa zuwa ajin nasu sau ɗaya kowane mako, sa'a ɗaya rak, tun daga farkon zango har ƙarshen shekara, muna wasa da su, muna yi musu tatsuniya, muna taya malamarsu hidima. Ni dai ta ukun nan na ke goyon baya.

Ba na zargin masu son biki. Biki yana da daɗi, yana da sauƙin shiryawa, kuma idan aka gama kowa ya san an yi. To, amma duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san yadda ya kan kasance. Kuɗin rumfa da kujeru da lasifika da abincin manyan baƙi su ne za su cinye mafi yawan abin da muka tara. Za a jera yaran tun da hantsi suna jiran babban baƙo, shi kuwa ba zai iso ba sai rana ta take, lokacin nan rabinsu sun yi barci, rabi suna kuka. Sa'an nan a yi ta jawabi da Turanci a kan muhimmancin yara, alhali yaran da a ke magana a kansu ba su san abin da a ke faɗi ba. Kafin la'asar an watse, ba abin da ya rage a filin sai ledoji, waɗanda su ɗin ma yaran makarantar ne za su tsince washegari. Wa aka yi wa wannan biki, su ko mu?

Maganar zuwa Argungu ta fi wuyar ƙi, musamman da ya ke da yawa daga cikinmu can ne gida. Wuri ne da ya cancanci kowane ɗan jihar nan ya gani. Gidan tarihin tsohuwar fadar Sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita wurin ajiye kayan tarihi a 1958, ga makamai, ga tambura, ga kayan su da na noma irin na kakanninmu. Bikin kamun kifi kuwa, wanda ya samo wannan siffa tasa tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, ya yi suna har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk wannan gaskiya ne. Amma a tuna 'yan shekara 5 a ke magana. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 50, ga dawowa, ga zafi, ga bakin gulbi, mu kuma masu riƙon nasu babbanmu bai wuce shekara 18 ba. Wace uwa ce za ta saki jiki ta ba mu ɗanta? In ma an je lafiya an dawo lafiya, ka tambayi yaron abin da ya gani, labarin motar zai ba ka. Tarihin Kanta da Surame sai ya ƙara girma. A ganina mu ne wannan tafiya ta dace da mu, kuma zan dawo kan wannan nan gaba.

Yanzu bari mu duba abin da a ke nufi da rabin aji tun asali. Wani malami Bajamushe mai suna Froebel ya buɗe wa ƙananan yara wurin wasa da koyo a wani ƙaramin gari a ƙasar Jamus a 1837. A 1840 ya raɗa masa suna da harshensu, sunan da har yau duniya ke kiran irin wannan aji da shi, ma'anarsa kuwa ita ce lambun yara. Ba suna kaɗai ba ne, don kuwa har ɗan fegi a kan ba yara su shuka abin da su ke so. Kayan koyarwarsa kuma ba su wuce ƙwallon zare da 'yan guntayen katako ba. Ra'ayinsa shi ne yaro kamar tsiro ya ke, wasa kuma shi ne hanyar da ya ke koyo.

To, mu mutanen fadama ba sai an yi mana bayanin lambu ba. Duk wanda ubansa ko yayansa ke noman rani a bakin gulbin Rima, ko ya taɓa ganin masu albasa na Aliero, ya san cewa ba a tara ruwan wata uku a kwarara wa fage rana ɗaya a ce an gama. In ka yi haka shukar ta ruɓe yau, ta bushe jibi. Kaɗan-kaɗan a ke ba ta, a kan kari, ko mai lambu yana jin ƙyuya ko ba ya ji. Bikin yini ɗaya ambaliya ce, mu kuwa a 2020 mun ga abin da ambaliya ta yi wa shinkafa a jihar nan.

Gwamnati ma ta san da muhimmancin wannan aji. An ƙaddamar da shirin ba da ilmi na bai ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, sa'an nan manufar ilmi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Wannan a takarda ke nan. A ajin da mu ke magana a kai, malama ɗaya ce da ɗaki cike da yara, kuma tana iyakar ƙoƙarinta. Amma mutum ɗaya ba zai iya sauraron kowane yaro ba. Dole ta tsaya a gaban allo ta faɗa su amsa gaba ɗaya. Akwai yaron da zai yi mako guda ba wanda ya kira sunansa ya tambaye shi wani abu ya tsaya ya ji amsarsa. Abin da ajin nan ya rasa ke nan, kuma shi ne abin da mu ke da shi a yalwace: yawan hannu da yawan kunne. Kuɗi kam ba mu da su.

Kada wani ya ce sa'a ɗaya a mako ba ta kai ta kawo ba. A birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, masu bincike sun ɗauki yara 129 'yan ƙasa da shekara 2 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tauye girmansu. Aka riƙa aika ma'aikatan lafiya na unguwa gidajen waɗansu daga cikinsu, sau ɗaya a mako, sa'a ɗaya, har shekara 2. Ba abin da su ke yi sai nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, aka tarar waɗanda aka riƙa ziyarta suna samun abin da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. An buga wannan sakamako a 2014. Ba ina cewa mu ma haka za mu samu ba ne. Waɗancan horarru ne, yaran sun fi namu ƙanƙanta, kuma da iyaye mata aka yi aikin. Abin lura dai shi ne kayan aikin ba su da tsada, lokacin kuma ba shi da yawa. Rashin fashi shi ne ya yi aikin.

Wani kuma zai ce mu ma ai yara ne, me muka sani? Wannan tambaya an daɗe da amsa ta. Wani likita Bature, David Morley, wanda ya yi aikin lafiyar yara a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun daga 1956, ya lura cewa a ƙasashe irin namu yawancin rainon ƙanana yayyensu ne ke yi. Daga baya shi da abokan aikinsa a Jami'ar Landan suka kafa wani shiri a 1978, gab da Shekarar Yara ta Duniya ta 1979, wanda manufarsa ita ce a koya wa manyan yara abin da za su isar wa ƙannensu na tsabta da lafiya da wasa. Shirin ya bazu ƙasashe da dama. Amma fa mu ba sai mun je Landan ba. A makarantar allo, wa ke biya wa kolo karatunsa idan malam yana sauraron na gaba? Ai wanda ya ɗan fi shi ne. Ɗan masunci a Argungu ba a aji ya ke koyon riƙe homa da hawa gora ba, bin yayansa ya ke yi yau da gobe. Kuma a ƙasar nan ce Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke ɗauko karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka, ba don albashi ba. Gadonmu ne.

To me za mu yi a cikin sa'ar? Ga yadda na ke gani. Mu kasa kanmu ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta riƙe yara kaɗan, kuma waɗannan yaran dai za ta riƙa samu kowane mako, don kowa ya san sunan kowa. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin yaro ba ya sakewa da baƙuwar fuska. A fara da tatsuniya, ko gatana kamar yadda mu ke cewa a nan. Na san tsofaffi su kan ce mai yin ta da rana ɓata zai yi, to sai kakanninmu su yi mana afuwa, tun da ba a buɗe makaranta da dare. Amma kada a tsaya ga faɗa musu kawai. A tsaya a tsakiya a tambaye su me su ke zato Gizo zai yi, me ya sa Ƙoƙi ta yi fushi, in su ne ya za su yi. Mako mai zuwa su ne za su maimaita mana. Yaron da ya iya jero labari daga farko zuwa ƙarshe ya riga ya kama hanyar karatu, ko bai san baƙi ko ɗaya ba.

A nan ne tafiyar Argungu za ta yi amfani. Mu mu je, da malaminmu na tarihi da kuɗin aljihunmu, mu ga tamburan, mu tambayi masu kula da gidan, mu zana abin da muka gani. 'Yan'uwanmu 'yan Argungu kuma idan sun je hutu su zauna da tsofaffin masunta su kwaso labaran ruwa, na giwan ruwa da kada da dorina, da yadda Sarkin Ruwa ke buɗe gulbi. Mu dawo mu mayar da su labarai daidai kunnen ɗan shekara 5. In Allah ya raya shi, ran da ya je da ƙafarsa zai tarar da abin da ya riga ya sani.

Bayan tatsuniya sai aikin hannu. Kayan wasa ba sai mun saya ba. Wane ne cikinmu bai taɓa ƙera motar kara ba, ko gina shanu da yumɓu, ko ɗinka 'yartsana da tsumma? Murafun kwalba sun isa koyon ƙidaya da rarrabe launi. Kwali ya isa yanka siffofi. Sai dai a kula, ban da abu mai kaifi kamar bakin gwangwani, ban da ƙanƙanin abin da yaro zai iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci. Kuɗin da muka tara kuwa a sayi tabarmi, da sabulu, da fensir mai launi, da jarka. Jarkar a huda ta a rataye a jikin icce a bakin aji, kowane yaro ya wanke hannu kafin ya ci abin tara. Ruwan kuma mu ne za mu tabbatar ba ta rasa shi ba, in ba haka ba cikin mako biyu ta zama abin wasan ƙwallo.

Akwai kuma maganar sauro, wadda ba ta wasa ba ce. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gwada jininsu a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma babu jihar da ta kai mu a duk Nijeriya. Fadamar da ke ba mu shinkafa da kifi ita ce ke ba mu sauro. Da aka tashi fara allurar rigakafin wannan cuta a ƙasar nan a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Allurar ta jarirai ce, daga wata 5, saboda haka 'yan rabin aji sun wuce ta, amma kusan kowanensu yana da ƙane ko ƙanwa a goye. Mu ba likitoci ba ne, kuma kada wani cikinmu ya kuskura ya ba ɗan wani magani. Abin da za mu iya shi ne mu ɗaura gidan sauro a aji mu yi wasan kwaikwayo, wani ya zama sauro yana zagaye yana neman ƙofa, yara suna ciki suna dariya suna cusa bakin gidan ƙarƙashin tabarma. Yaron da ya yi wannan wasa sau uku, shi zai riƙa tuna wa uwarsa da dare. In kuma muka ga wani ya yi lamo jikinsa da zafi, mu gaya wa malama nan take.

Waɗansu sun ce tun da mun fi su Turanci, mu koya musu baƙaƙe da waƙoƙin Turanci, iyaye za su fi ganin amfaninmu. Maganar harshen koyarwa dai manya ma ba su daidaita a kanta ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka ba da sanarwar janye wannan. Wannan tsakanin hukuma ne da malamai. Darasi na malama ne, ita aka horar, ita a ke biya. Sa'ar da za a ba mu ta hira ce da wasa, hira kuwa ba ta yiwuwa sai da harshen da yaro ke mafarki da shi. In akwai mai jin Zabarmanci ko Fillanci a gida, cikinmu ba a rasa mai ji, sai a haɗa su.

Saura maganar da ta fi damun iyayenmu, watau karatunmu. Suna da gaskiya. Saboda haka na ke ba da shawara a cire 'yan aji shida gaba ɗaya, su fuskanci jarrabawarsu. 'Yan aji huɗu da biyar su riƙe aikin, kuma tun da yaran da safe su ke zuwa, sai mun roƙi shugaban makaranta ya duba jadawali ya ba mu lokacin da ba zai ci darasi ba. Idan muka yi karɓa-karɓa tsakanin rukuni biyu, ba wanda zai je fiye da sau biyu a wata, yaran kuma fuskokin da suka sani dai za su riƙa gani. Wannan bai kai lokacin da mu ke ɓatarwa a kan waya a yini ɗaya ba.

Dole kuma mu ɗaure kanmu da sharuɗɗa tun kafin mu taka ƙofar ajin. Sai da iznin hedimasta da na iyayen yaran. Malama tana nan a kowane lokaci, ba mai keɓewa da yaro, ba mai fita da shi harabar makaranta. Ba duka, ba tsawa, ba ranƙwashi, ko da kuwa haka a ke yi mana a gida. Ba mai ɗaukar hoton ɗan wani ya watsa a Facebook ko WhatsApp. Na san wannan na ƙarshe zai rage wa waɗansu sha'awa, to gara su rage tun yanzu. Ina kuma ganin ya kamata malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya rubuta wa Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda a ke horar da malamai, ya roƙi a turo mana wani ya yi yini ɗaya yana nuna mana yadda a ke tafiyar da ƙananan yara. In da kuɗin mota za a kashe, to a kashe a nan.

Abin da na fi tsoro a shawarar da na ke goyon baya shi ne mu da kanmu. Makon farko kowa zai zo har da waɗanda ba a kira ba. Mako na shida, lokacin da hazo ya sauka ko gwaji ya matso, nan ne za a san masu yi. Babba in ka saɓa masa alkawari zai yi maka uzuri. Ɗan shekara 5 kuwa zai tsaya a bakin ƙofa yana leƙen hanya, ba ya kuma san dalili ba. Saboda haka duk wanda ya san ba zai iya kai wa ƙarshen shekara ba, kada ya ɗaga hannu ranar zama don kunyar abokai. Mutum goma masu zuwa sun fi mana arba'in masu rubuta suna.

Ku kuma iyayenmu, roƙona gare ku bai shafi kuɗi ba. Ku ba 'ya'yanku izni in sun nema. Ku tara mana kwalaye da murafun kwalba da ragowar yadi daga wurin tela. Wanda ke da tsohuwa a gida, a roƙar mana ita tatsuniya biyu ko uku, ɗanku ya rubuta a littafi ya zo da su ranar da aka dawo hutu, domin a makon farko na sabon zango za mu zauna mu yanke magana.